Kundin Aikin Hannun Habibu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kayan farko sun iso yau, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Ina so duk wanda zai taɓa irin aikin nan bayana ya san kuɗin da ya ci da wuraren da aka sha wuya. Aikin shi ne ƙera wa ƙanena Habibu hannun roba mai motsi. Injin casar shinkafa ne ya cinye masa hannun hagu bara waccan, likitoci suka yanke daga ƙasan gwiwar hannu, dungun da ya rage ya kai santimita 14. Awon hatsi yake yi a Dawanau. Buƙatunsa biyu ne: ya riƙe bakin buhu ko leda yana juye kwano da dama, ya kuma riƙe waya yana latsawa. Ni gyaran inbata da kayan sola ne sana'ata.

Abin da na saya: Arduino Nano, ƙaramin allon kwamfuta mai ba moto umarni, N9,000, moto samfurin MG996R guda biyu N19,000, fakitin ilektirod irin wanda ake manna wa mutum a ƙirji wajen gwajin zuciya N7,500. Na'urar MyoWare mai ɗaukar siginar tsoka guda biyu na yi odarsu daga waje, N140,000 har kuɗin kawowa, suna hanya.

Lahadi, 19 ga Janairu

Habibu ya zo mini da bidiyon Noland Arbaugh, Ba'amurken nan da jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa, wanda kamfanin Neuralink ya dasa wa na'ura a ƙwaƙwalwa cikin Janairun 2024, yana buga darar Turawa a kwamfuta ba tare da ya taɓa komai ba.

"Yaya, irin wannan nake so. In yi niyya kawai, hannu ya damƙe."

Na yi masa bayanin abin da aka yi wa mutumin. An cire ɗan yanki daga ƙoƙon kansa, mutum-mutumi ya cusa zare 64 waɗanda gashi ya fi su kauri, ɗauke da ilektirod 1,024, cikin sashen ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umarni. Wannan aikin ɗakin tiyata ne. Abin da ake iya yi daga waje shi ne sauraren lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai, wato EEG, wanda likitan nan Bajamushe Hans Berger ya fara ɗauka daga jikin ɗan Adam a 1924. Wani abokina da ke koyarwa yana da allon OpenBCI Ganglion mai tashoshi huɗu, ya yarda ya ara mana. Gara Habibu ya gani da idonsa kafin mu yanke shawara, tunda shi zai sa abin.

Asabar, 25 ga Janairu

Ya zo da askin ƙwal-kwabo, ya ce kada gashi ya hana ruwa gudu. Na fara manna ilektirod biyu a ƙeyarsa, na ce ya rufe ido ya saki jiki. Nan take wani tudu ya taso a kan allon kwamfuta, daidai wajen kaɗawa 10 a daƙiƙa. Ya buɗe ido, tudun ya kwanta. Ya rufe, ya sake tasowa. Wannan shi ne igiyar alfa da Berger ya gano. Na ɗauki bidiyon allon na nuna masa, ya yi ta maimaita kallo yana cewa ikon Allah.

Daga nan aiki ya yi tsami. Na mayar da ilektirod gefen dama na tsakiyar kai, domin ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da hannun hagu. A ƙa'ida, idan mutum ya raya a ransa yana dunƙule hannu, wata kaɗawa da ke wurin za ta yi rauni. Wani lokacin ta yi raunin, amma sai bayan daƙiƙoƙi. Wani lokacin ba ta yi ba. Wani lokacin kuma ta yi alhali yana tunanin farashin gero. Ƙifta ido ɗaya, ko haɗiyar yawu, ko cije haƙori, sai su binne komai. Siginar da ke tsallako ƙashi da fata 'yan gomomi ne cikin kashi miliyan na bolt ɗaya. Kamar ka tsaya a bakin Kasuwar Kurmi ne kana son jin cinikin da mutum biyu ke yi a can tsakiya: za ka san kasuwa ta cika ko ta watse, amma ba za ka ji nawa aka taya ba.

Hannun da zai saki buhun masara saboda mai shi ya ƙifta ido ba shi da amfani. Kuma in an duba waɗanda aka dasa wa na'ura a ka, duk mutane ne da hanya ta yanke tsakanin ƙwaƙwalwarsu da tsokarsu. Matt Nagle, wanda aka dasa wa na'urar ƙwaƙwalwa ta BrainGate a 2004, wuƙa ce ta tsinka masa laka a wuya. Cathy Hutchinson, wadda rahoton 2012 ya nuna ta tura hannun mutum-mutumi ya kai mata kofi baki, shanyewar jiki ce ta kwantar da ita kusan shekara 15. Su dole a je can tushe. Habibu kuwa hanyarsa lafiya lau take. Umarni na fita daga ƙwaƙwalwa, ya bi laka, ya bi jijiyoyi, ya iso tsokokin da ke ƙasan gwiwar hannu, waɗanda dama su ne ke jan yatsu. A nan siginar kan kai kashi ɗaya cikin dubu na bolt ko fiye, ta ninka ta fatar kai nesa ba kusa ba. Dabarar ma tsohuwa ce, wani ɗalibi a Munik mai suna Reinhold Reiter ya wallafa ta tun 1948.

Ransa bai so ba. Ya ce, "To ai ba ƙwaƙwalwa ba ce ke nan, Yaya." Na tambaye shi wa ke ba tsokar umarni. Ya yi shiru, sannan ya ce mu gwada.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na mayar da allon aro. Na sauke zanen hannu daga masu aikin sa kai na e-NABLE. Nasu da lanƙwasa gaɓa ake jan yatsun, ina gyara zanen don moto ya samu wurin zama. Na auna hannunsa na dama na juya awon.

Asabar, 8 ga Fabrairu

MyoWare sun iso ranar Laraba. Hunturu ya busar masa da fata har tana fari, ilektirod suka ƙi kamawa sai da muka goge wurin da sifirit muka ɗan jiƙa shi.

Neman wurin mannawa ya fi komai taɓa ni. Na ce ya dunƙule hannun da babu. Bai tambaye ni me nake nufi ba, ya runtse ido, na ga tsoka ta kumburo a cikin dungun ƙarƙashin yatsana. Ya ce har yanzu yana jin yatsunsa biyar, ƙaramin ne kawai ya maƙale a lanƙwashe tun ranar haɗarin, kuma bai taɓa gaya wa Umma ba don kada ta ce aljanu ne. Na zana da'ira da maka a wurin. Tsokar dunƙulewa ƙarfi gare ta. Ta buɗewa, a bayan dungun, tabon ɗinki ya ratsa ta, siginarta ba ta kai rabin waccan ba.

Sai matsalar wuta. Batirin kwamfuta ya yi ƙasa, na cire wa Habibu wayoyin na sa caji, na manna ilektirod a nawa hannun don in ci gaba. Layin ya tashi sama ya ƙi sauka ko da ban motsa ba. Da na duba ɗanyar siginar, kaɗawa 50 a daƙiƙa ce zalla, ta wutar gida, kuma ta faɗo tsakiyar inda siginar tsoka ta fi ƙarfi. Da aka ɗauke wuta maƙwabci ya tayar da janareta, abin ya ƙara muni. Ƙa'idar shagon nan daga yau: ba a haɗa waya da jikin mutum matuƙar kwamfuta na kan caja. Hayaniyar ma ƙaramar magana ce. Cajojin da ke yawo a kasuwa ba duka suka raba wutar gida da ta fita yadda ya kamata ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Atisaye kawai. Na haɗa masa ƙananan fitilu biyu, ja ta dunƙulewa, koriya ta buɗewa. Yana yi bayan Magariba. Koriyar ta fara kamawa ba tare da ja ta biyo ta ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An buga sassan hannun da firintar 3D, robar PLA ruwan toka, N38,000. Na zura igiyar fatsa ta cikin yatsun a matsayin agara, na sa robar ɗaure kuɗi ta baya don ta riƙa miƙe su. A kan tebur ya yi kyau ƙwarai.

Da Habibu ya matse tsoka, yatsun suka rufe a kan robar ruwa, sai fitilar Arduino ta ɗauke, hannun ya watsar da robar. Haka kullum, daidai lokacin da ya kama abu. Moton nan idan ya ci karo da abin da ya tare shi yakan ja wuta har wajen amfa biyu da rabi. Biyu a lokaci guda sun durƙusar da batir, Arduino ya mutu ya farfaɗo, in ya farfaɗo kuwa umarninsa na farko shi ne buɗewa.

Batiran ma da nasu laifin. Samfurin 18650 ne guda biyu, N7,000, an rubuta 9,900 mAh a jikinsu. Na gaske a wannan girman ba ya wuce wajen 3,500. Na ɗora a sikeli, kowanne giram 26, alhali na ƙwarai kan kai 45. Na samo waɗanda aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta aka gwada, N12,000. Na raba layin wutar moto da na Arduino, na ƙara kafasita babba. Na kuma gyara umarnin: in wuta ta ɗauke ta dawo, hannu ya tsaya yadda yake, kada ya buɗe.

Nauyi giram 610 ne. Ya yi yawa. Zan cire moto ɗaya, ragowar ya ja wata 'yar sanda da igiyoyin yatsu ke ɗaure a jikinta, yadda in yatsa ɗaya ya taɓa abu ya tsaya, sauran za su ci gaba da rufewa.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Kwasfar da dungun zai shiga ba aikina ba ne, na kai shi wurin wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ƙera ƙafafu da hannayen roba. Ya naɗe dungun da filasta, yana danna babban yatsansa a wuraren da za su iya ɗaukar nauyi, yana kauce wa bakin ƙashi. N60,000.

Ya juya hannun namu ya jinjina shi. Ya ce, "Malam, nauyin da ke can ƙarshen yatsu shi ke gajiyar da mutum. Batir ɗin nan ka mayar da shi damtse ko ƙugu." Ya ƙara da cewa ya san hannaye masu tsada da ke kwance a ƙarƙashin gado, masu su sun koma ga ƙugiyar ƙarfe mai igiya, ko sun haƙura gaba ɗaya. Na karɓi maganarsa hannu biyu. Batir ya koma damtse.

Laraba, 12 ga Maris

Kwasfa ta fito, ta zauna daram. Da moto ɗaya, nauyin da ke ƙasan gwiwar hannu ya sauko giram 430.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya ne ya fara wuni da shi a gida. Da hantsi komai lafiya: ya riƙe leda Umma na zuba dabino, ya ɗauki buta da ruwa rabi. Azahar ta yi, ya cire ya yi alwala, domin limamin unguwa ya gaya masa tun da daɗewa cewa abin da ya rage na hannun sai an wanke shi har gwiwa. Ya mayar, sai hannun ya rikice. Yana rufewa da kansa, in ya nemi ya buɗe ya ƙi. Ya kira ni ransa a ɓace.

Abubuwa uku ne suka haɗu. Ilektirod sun goce daga da'irar da na zana da 'yan milimitoci, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya ƙarfin sigina. Fatar da ta jiƙe ba ta ɗaukar lantarki kamar busasshiya. Sannan zuwa La'asar ƙishirwar azumi ta sa dungun ya ɗan rame, kwasfa ta yi sako-sako, ƙarfe na taɓa fata yana ɗagawa. Ga kuma lissafin kuɗi: ilektirod masu gam sau ɗaya ake manna su, kowace sawa tana cin shida. Mai salla biyar zai cinye fakiti kafin mako ya zagayo.

Zane-zanen da na karanta duk sun ɗauka mutum zai sa hannu da safe ya cire da dare. Namu dole ya jure cirewa da mayarwa a kowace alwala, a kan fata mai danshi, a tsaye a bakin masallaci, da hannu ɗaya. In bai iya wannan ba, wurinsa ƙarƙashin gado.

Abin da na yi: na maye gurbin masu gam da maɓallan ƙarfe marasa tsatsa, masu kan kumbo, na dasa su a jikin kwasfar da soso a bayansu yana turo su ga fata. Na sa madanni ɗaya a gefe. In ya mayar da hannu ya danna, sai ya saki jiki daƙiƙa uku, ya dunƙule uku, ya buɗe uku, Arduino ya auna ya sa wa kansa sabuwar iyaka. Don ramar yamma kuwa, dattijon ya ba shi safar dungu mai huda a wurin maɓallan.

Wannan ciwon har manya yana damunsu. Makonni kaɗan bayan tiyatar Arbaugh, da yawa daga zaren da aka cusa suka janye daga ƙwaƙwalwa, sigina ta ragu, sai da injiniyoyin suka sake tsarin da ke fassara ta. Ko a ka aka sa ƙarfe ko a dungu, jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris

Saiti bayan alwala yana aiki. Yakan manta ya danna in yana saurin samun jam'i.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Salla. Ya sa shi zuwa Idi a ƙarƙashin hannun riga. Umma ta ce launin tokar ne bai yi mata ba, a nemo wanda ya yi kusa da fatarsa. Shi kuma ya ce a bar shi haka, ba ɓoyewa yake yi ba.

Da rana aka miƙo masa zoɓo a kofin roba mara kauri. Yana gaisawa da baƙi, ya ɗauke ido daga kofin, hannun ya ci gaba da matsewa har ya murƙushe shi, zoɓo ya wanke masa sabuwar shadda. Ba shi da yadda zai san ƙarfin riƙonsa sai da ido. Masu bincike a Jami'ar Pittsburgh sun auna wannan da Nathan Copeland, mutumin da ya gaisa da Shugaba Obama da hannun mutum-mutumi a 2016. Sun sa masa ilektirod har a sashen ƙwaƙwalwa mai jin taɓawa, kuma a rahotonsu na 2021, da aka mayar masa da jin abin da yatsun suka taɓa, lokacin ɗaukar abu ya ajiye ya ragu daga wajen daƙiƙa 20 zuwa 10. Mu ba mu da hanyar shiga can, amma fatar damtsensa tana ji.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na ciro ɗan moton girgiza daga matacciyar wayar Nokia na manna a maɗaurin damtse. Yawan wutar da moton yatsu ke ja shi ke nuna ƙarfin matsi, don haka in wutar ta ƙaru girgizar ta ƙaru. Na kuma sa iyakar da ba zai wuce ba. Na rufe masa ido da hula na miƙa masa kofi, ya tsaya kafin ya lotsa shi. Ƙwai ya fashe.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Makon farko a Dawanau ya ƙare da ɓarna. Riƙon buhu ya yi, wannan kam alhamdulillahi. Ya ce rabon da ya auna wa mai saye ba tare da ya kira yaro ba tun kafin haɗarin. Amma ƙurar hatsi ta shiga ramukan igiya, zuwa Laraba ɗan manuni ya daina miƙewa sosai. Gumi kuma, wanda kaɗan daga cikinsa taimako yake yi wa maɓallan ƙarfe, ya taru a kwasfa har ya haɗa maɓalli da maɓalli, sigina ta dushe bayan Azahar.

Yau ya cire zai tafi masallaci, ya bar shi cikin motar wani abokin cinikinsa, a gaban gilashi. Ya dawo ya tarar babban yatsa ya karkace, tafin ya bankare, mazaunin moto ya saki. PLA tana fara laushi wajen digiri 60, motar da aka rufe a ranar Afrilun Kano kuwa tana wuce haka. Ya kawo mini shi a leda, bai ce komai ba. Na ce masa abin da ba zai jure ranar garinmu ba bai cancanci ya sa shi ba tun farko.

Za a sake bugawa da robar PETG, wadda ke kai wa wajen digiri 80. N45,000. Zan faɗaɗa ramukan igiya, in huda kwasfar ta ƙasa don gumi ya samu mafita, in nemo safar hannu ta yadi ta tare ƙura.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mai firinta bai samu wuta sosai ba, rabin sassan ne suka fito. Habibu ya koma kiran yaro.

Asabar, 10 ga Mayu

Sabon hannun yana jikinsa tun ranar Litinin. Baƙi ne, Umma ta ce ya fi. Na manna yankan tib ɗin keke a kan yatsun, waya ta daina zamewa. Yana sa shi daga safe zuwa La'asar, lokacin ne batir ke ƙarewa, shi ma damtsensa ya gaji. Da yamma a gida ba ya sawa, ya ce dungun ya fi masa sauri wajen tura ƙofa da naɗe tabarma, kuma gaskiyarsa. Abin da ya fi damunsa yanzu ƙarar moto ce, masu saye sukan tsaya kallo maimakon ciniki.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, har da tarkacen waya, dalma, kafasita da soso na wajen N15,000, ya kama N352,500.

Wani maƙwabcinmu ya same ni kan mahaifinsa, wanda shanyewar jiki ta hana magana da motsa hannu, sai ido da gira. Na gaya masa hannun Habibu ba zai yi masa komai ba, tunda umarnin ba ya isa tsokar hannunsa. Amma ƙiftawar nan da ta dame mu a gwajin EEG sigina ce mai ƙarfi, tsokar goshi ma haka. Za a iya sa ta ta kaɗa ƙararrawa, ko ta zaɓi tsakanin "ruwa", "juya ni" da "kira likita" a allon waya. Na ce ya fara shawartar likitan da ke duba Baba, in ya amince zan kawo MyoWare ɗaya mu gwada a goshi.

Kafin nan, na Habibu: batir na biyu da zai riƙa canzawa da Azahar, moto mai ƙaramar ƙara in an samu a farashi mai sauƙi, da murfin roba a kan allon lantarki, domin damina ta kusa. Dattijon ya ce a kawo shi ƙarshen wata ya duba fatar dungun, akwai wani jan tabo kusa da maɓallin baya da bai gamsu da shi ba.